Nima da Mamobi: abin da ya kamata maigida ya sani kafin a yanka bango ko a huda dekin

Duk wanda ya bi babban titin Nima a birnin Akara ranar Laraba, ranar da kasuwa ke cika, idan ya ɗaga kai daga buhunan hatsi da albasa zai ga abu biyu a jikin gidajen bakin hanya. A sama, rodi ne tsaye cirko-cirko a kan rufi, suna jiran ranar da kuɗin bene za su samu. A ƙasa kuma, ɗakunan da a da taga kawai suke da ita ta wajen titi, yanzu sun zama shaguna masu faffaɗar ƙofa. Ba a rushe gidajen an sake su ba. Yanka su aka yi, aka huda, aka ɗora.

Dalilin a fili yake. Nima ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu izinin zama a wajen daga dangin Odoi Kwao na Osu, a wani fili da ke bayan gari. Yau gari ya kewaye ta: Kanda a gefe, fadar shugaban ƙasa ba nisa, filin jirgi tafiyar ƴan mintoci. Babu sauran fili a Nima ko Mamobi. Gidan da kaka ya gina ya zama na magada goma ko ashirin, wasu na zaune a ciki, wasu na Kumasi, wasu na Jamus ko Amurka suna aiko da kuɗi. Mai son ƙarin ɗaki sai ya hau sama, mai son kuɗin haya sai ya buɗe shago ta bangon waje. Ga kuma banɗaki: tun bayan da Bankin Duniya ya amince da shirin ruwa da tsafta na yankin Akara a 2013, gidaje da dama da suka dogara da bayan gidan haya sun gina nasu a ciki, kuma kowane banɗaki na bukatar bututu mai faɗin inci 4 ya ratsa bango ko daɓe. A nan ne aikin masu yanka da huda kankare ya shigo.

Yadda kankare ke ɗaukar nauyi

Kafin a yi maganar inji, sai an fahimci abin da ake yankawa. Kankare haɗin siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa. Yana da ƙarfin gaske idan danna shi ake yi, amma idan ja ne ko lanƙwasawa, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake binne rodi a cikinsa: kankare ya ɗauki danni, ƙarfe ya ɗauki ja. Kuma ba ko'ina ake jefa rodin ba. A tsakiyar dekin, wato rufin kankare, rodin da ke aiki yana can ƙasa, domin ƙasan ne ke miƙewa idan nauyi ya hau. A daidai inda dekin ya hau kan bango ko bim, abin ya juya, rodin sama ne ke aiki. Barandar da ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta kuwa, rodin sama ne kaɗai ke riƙe da ita.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa, domin gidajen bene na Nima cike suke da irin waɗannan barandu da suka leƙo kan lungu don a ci ɗan fili ta sama. Mai wayarin ko mai aikin famfo ya zo, yana son binne bututu, sai ya ja layi da injin gurza a saman baranda, daidai gindinta, zurfin santimita 3. A ganinsa ya taɓa fata ne kawai. Alhali kankaren da ke rufe rodin dekin sau da yawa bai wuce santimita 2 zuwa 2 da rabi ba. Faifan ya bi ta kan rodin ɗaya bayan ɗaya. Barandar ba lalle ta faɗi ranar ba. Tana iya jira sai ranar biki ko suna, da mutane suka taru a kanta.

Nauyi yana da hanyar da yake bi: daga dekin zuwa bim, daga bim zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa tushe, daga tushe zuwa ƙasa. A ginin da aka yi da ginshiƙai da bim na gaske, bangon bulo cike gurbi ne kawai, ana iya buɗe ƙofa a cikinsa ba tare da wani babban haɗari ba. Amma tsofaffin gidajen zango da yawa ba haka aka gina su ba. Wasu na bulo ne zalla, wasu ma na ƙasa ne aka shafe da siminti har ido ba ya bambancewa. A irin waɗannan, bangon shi ne ginshiƙin. Idan daga baya an zuba dekin a kansa, an ɗora ɗakuna biyu da tankin ruwa, to duk nauyin nan ta cikin bangon yake sauka. Tankin lita 1,000 kaɗai, idan ya cika, tan ɗaya ne. Bangon da ake shirin yanke mita uku daga cikinsa don ƙofar shago, wataƙila shi ke ɗauke da wannan duka.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne gidajen an gina su ne kaɗan-kaɗan, cikin shekaru talatin ko arba'in, da hannun magina daban-daban, kuma da wuya a samu zanen gini a hannun magada. Wanda ya san inda rodi yake ya rasu ko ya koma gida.

Guduma da cizal, ko faifan lu'ulu'u

Hanyar da aka saba ita ce guduma da cizal, ko injin fasa kankare mai bugu. Tana da araha, kuma akwai matasa masu ƙarfi da za su yi ta a kowane lungu. Illarta ita ce girgiza. Kowane bugu yana ratsa bango, ya sassauta riƙon da ke tsakanin rodi da kankare, ya buɗe ƙananan tsaga da ba a gani sai damina ta zo. A unguwar da bangon wani yake jingine da na maƙwabcinsa, tsagar ba ta tsayawa a iyakar gida. Ramin kuma yakan fi abin da ake bukata girma nesa ba kusa ba: ana neman hanyar bututun inci 4, a ƙare da kogon da kan mutum zai shiga, a cike shi da ragowar siminti.

Kayan aikin ƙwararru na aiki ne da lu'ulu'u, wato daimon. Ba irin na ado ba ne. Tun tsakiyar shekarun 1950 ake ƙera shi a masana'anta, bayan nasarar da kamfanin General Electric ya samu a Amurka a 1954, kuma hakan ne ya sa farashinsa ya sauko har ya shigo aikin gini. Ana cakuɗa ƙananan ƙwayoyinsa da garin ƙarfe, a manna a bakin faifai ko bakin bututun huda. Faifan ba shi da haƙora irin na zarto. Gurzawa yake yi: ƙwayoyin na cin kankare da tsakuwa da rodi baki ɗaya, ƙarfen da ke riƙe da su na zaizayewa a hankali, sababbin ƙwayoyi na fitowa. Wani abin mamaki a nan, kankare mai tauri yana bukatar faifai mai taushin ƙarfe, don ƙwayoyin da suka dakushe su zube da wuri. Ma'aikacin da faifai ɗaya yake kai wa kowane aiki bai san wannan ba tukuna.

Zurfin yanka ya danganta da girman faifai. Ƙaramin injin gurza irin na masu walda, mai faifan milimita 115, ba ya wuce kusan santimita 3. Mai faifan milimita 230 yana kai wa kusan santimita 7. Babban injin hannu mai faifan milimita 350 yana kai santimita 12 da ɗoriya, wanda bai ratsa bulon inci 6 ba sai an bi ta ɓangarori biyu. Don bango mai kauri akwai injin da ake kafa wa dogo a jikin bango yana bi a kai, akwai kuma waya mai ƙullin lu'ulu'u da ake zagaya wa ginshiƙin gada ko tushen inji, tana yanka kowane kauri. Waɗannan biyun sai manyan wuraren aiki. Wanda ya fi amfani ga gida da shago shi ne injin huda mai bututu: ana ɗaure shi a kan ƙafa da aka kafe a bango ko daɓe, ruwa na bi ta cikinsa, ya fitar da rami zagayayye sumul daidai awon da ake so, tare da curin kankaren da ya ciro kamar turmi ƙarami.

Wannan curin yana da amfani na biyu da mutane ba su cika sani ba. Idan aka kai shi ɗakin gwaji aka matse shi da inji har ya fashe, zai faɗi ƙarfin kankaren gidan na haƙiƙa. Ga mai son ɗora bene a kan ginin da ba a san yadda aka kwaɓa simintinsa ba, wannan gwajin ya fi rantsuwar kowane magini.

Sai dai kyawun yanka yana iya ruɗar mutum. Mai guduma idan ya ci karo da rodi dole ya tsaya, ya gan shi da idonsa, ya yi shawara. Faifan lu'ulu'u ba ya tsayawa. Ɗan sauyin ƙara ne kawai da ƴan tartsatsi, ya wuce. Saboda haka inji mai kyau a hannun wanda bai san gini ba ya fi guduma haɗari. Abin da ke raba ƙwararre da mai haya da inji shi ne abin da yake yi kafin ya kunna: yana bin bango da na'urar gano ƙarfe, ya zana da alli inda rodi da waya da bututun ruwa suke, sannan ya matsar da ramin zuwa tsakaninsu. A manyan gine-ginen kasuwanci na zamani, wasu dekin ɗin na ɗauke da wayoyin ƙarfe da aka ja da ƙarfi aka ɗaure, waɗanda idan aka tsinke su suna iya fizgowa su fasa kankaren. A can ba a huda ko ramin ƙusa mai zurfi sai an haska da na'urar rada.

Inda ba a taɓawa

Ginshiƙi ba a rage shi, ba a huda shi, ba a fafe gefensa don binne bututu. Bim ba a huda shi kusa da inda ya hau ginshiƙi, ba a kuma yanke rodin ƙasansa. Idan ya zama dole bututu ya ratsa, injiniya ne zai nuna wurin da girman ramin. A bangon bulo ma akwai iyaka. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce layin da aka fafe a tsaye kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, na kwance kuma kashi ɗaya cikin shida. A bangon inci 6, wannan na nufin santimita 5 a tsaye, santimita 2 da rabi a kwance. Duk wanda ya ga yadda ake fafe bango daga kusurwa zuwa kusurwa don wayar na'urar sanyaya ɗaki ya san sau nawa ake tsallake wannan iyaka.

Duniya ta ga abin da raina ginshiƙi ke jawowa. A ranar 29 ga Yunin 1995, kantin Sampoong a birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rufta ya kashe mutum 502. Bincike ya nuna an sauya fasalin ginin daga abin da aka zana, an rage ginshiƙai don a samu wurin matakala mai tafiya da kanta, an ƙara hawa na biyar, an kuma ja manyan injinan sanyaya iska a kan rufi. Bayan girgizar ƙasar Turkiyya ta 6 ga Fabrairun 2023, ɗaya daga cikin zarge-zargen da aka yi ta kai wa kotu shi ne na masu shagunan ƙasa da suka yanke ginshiƙai don faɗaɗa wurin ciniki.

Wani zai ce Ghana ba Turkiyya ba ce. Amma Akara na zaune kusa da tsagar ƙasa mai motsi. Girgizar 22 ga Yunin 1939 ta rushe gidaje ta kuma kashe mutane a birnin, kuma a Disamban 2018 mazauna Weija da kewaye sun ji ƙasa ta motsa. Ginin da aka cire wa bangayen ƙasa aka mai da su ƙofofin shago, sama kuma cike da ɗakuna, shi ne irin wanda ya fi saurin durƙushewa idan ƙasa ta girgiza. Ko ba girgiza ma, mutanen Akara ba su manta da 7 ga Nuwamban 2012 ba, ranar da benen da kantin Melcom ke haya a Achimota ya rufta da safe, mutum 14 suka mutu, aka kwashe kwanaki ana tono.

Buɗe ƙofar shago a bango mai ɗauke da nauyi abu ne mai yiwuwa, amma yana da tsari, kuma tsarin ne ke cin lokaci. Da farko a tokare dekin da matokaran ƙarfe ciki da waje. Sannan a fafe gurbin linta a sama, a zuba ta ko a saka ta ƙarfe, ta hau bango aƙalla santimita 15 ta kowane gefe, fiye da haka idan ƙofar na da faɗi. Idan ta kankare ce a ba ta lokaci, domin sai kwana 28 kankare ke kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Bayan nan ne ake yanke bangon da ke ƙasa, gunduwa-gunduwa, daga sama zuwa ƙasa. Matsalar ita ce ɗan haya ya riga ya biya kuɗin shekara biyu, yana son buɗewa kafin azumi, maigida kuma ya riga ya kashe rabin kuɗin. Sai a yanke yau, a zuba linta gobe, a cire matokari jibi.

Haka ma buɗe dekin don matakala. Murabba'in mita ɗaya na dekin mai kaurin santimita 15 ya kai kilo 360, nauyin buhun siminti bakwai da ɗoriya. Idan ba a tokare shi ta ƙasa ba kafin yankan ƙarshe, zai faɗo gaba ɗaya. Kuma rodin da aka yanke a wajen suna ɗauke da nauyin da yanzu dole wani abu ya karɓa, yawanci sabon bim a bakin ramin.

Ƙura, ruwa da maƙwabta

Haɗarin da ya fi yawa ba shi da ƙara. Yashi da tsakuwa cike suke da sinadarin silika. Idan aka yanka kankare a bushe, farar ƙurar da ke tashi na ɗauke da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ke wucewa har ƙarshen huhu, su zauna can, huhun ya yi ta yin tabo. Cutar da ke biyo baya ba ta da magani, tana ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Tun 1997 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan ƙura cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin huhu. A 2016 Amurka ta rage iyakar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa zuwa maikirogiram 50 a kowace mita mai ɗaki ta iska, awon da yankan bushe ke zarcewa ninki-ba-ninki. Tsumma ko hankici a hanci ba ya tare ta, takunkumin asibiti ma haka. A lungun Mamobi da mutum biyu ba sa jerawa, ƙurar ba ta ma'aikaci kaɗai ba ce: tana sauka a kan mai waake da ke bakin ƙofa, da yaran makarantar allo, da tsohuwar da ke kwance a ɗakin kusa.

Maganin mai sauƙi ne, wato ruwa a bakin faifai tun daga farko har ƙarshe. Yana kwantar da ƙura, yana sanyaya faifan ya daɗe. Amma ruwa na zuwa da nasa sharuɗɗan. Injin lantarki da jiƙaƙƙen daɓe da wayar da aka ɗaure da leda, haɗuwa ce ta ajali, sai da na'urar da ke katse wuta nan take idan ta fara zurara. Injin fetur kuma ba a kunna shi a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na kashewa ba tare da wari mai gargaɗi ba. Taɓon da ke fitowa yana cin fata kamar toka mai ƙarfi, kuma idan aka kora shi kwata sai ya daskare a can. Kwatocin unguwar suna zuba a babban magudanin Nima, shi kuma ya bi ta kogin Odaw zuwa tafkin Korle, hanyar da toshewarta ta taimaka wajen ambaliyar 3 ga Yunin 2015, daren da ruwa da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle suka kashe mutum fiye da 150. Bokiti biyu da ɗan shingen yashi sun isa a tare taɓon, a bar shi ya bushe, a kwashe. Ƙara ma abin dubawa ce: injin yanka na wuce desibel 100, alhali iyakar da Ghana ta sa wa unguwannin zama ita ce 55 da rana, 48 da dare. Sanar da maƙwabta da kauce wa lokutan salla ba ya cin ko sidi ɗaya.

Ta fuskar doka, dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta wajabta neman izini kafin a yi gini ko a sauya fasalinsa, kuma tun 2018 Ghana na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. A shekarar ce kuma aka ba Nima majalisarta ta Ayawaso ta Gabas, Mamobi ta faɗa ƙarƙashin Ayawaso ta Arewa, don haka ofishin ayyuka ya matso kusa. Mutane da yawa na gudun sa saboda jinkiri da kashe kuɗi, ko don takardun gidan gado ba su cika ba. Ko da hakan, kiran injiniya mai rajista ya duba bango na awa ɗaya abu ne daban da neman izini, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da abin da za a kashe a kan ƙofar ƙarfe da tayil na shagon.

Saura rodin nan da ke tsaye a kan rufi. Akara gari ne na bakin teku, iskarsa da gishiri, kuma rodin da ya shekara goma a waje yakan ci tsatsa har ya rame, musamman a gindinsa inda ruwa ke kwanciya. Idan kuɗin bene suka samu, sau da yawa sai an huda kan ginshiƙi an dasa sababbi da gam na musamman. Ƙarfin dashen ya dogara da zurfin ramin da tsabtarsa: sai an goge shi da buroshi an hure ƙurar sau da yawa, in ba haka ba gam ɗin zai kama ƙura ne maimakon kankare, rodin ya zare da hannu. Haka duk bakin rodin da faifai ya bari a fili a gefen sabuwar ƙofa ko ramin bututu, sai an shafe shi da maganin tsatsa an rufe da siminti mai kauri a ranar, domin tsatsa na kumbura ƙarfe, ƙarfen da ya kumbura kuma shi ke ɓantare kankare daga ciki.